Buhunan Isaka Tela

Shekara ashirin Isaka yana facin wanduna a unguwar Bukoki da ke Yamai, ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa kan komai. Sai shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Yamai, soji kuma suka hau mulki, ya tashi da cewa zai shirya teyatur, wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, a kan talakawan da suka fasa rumbun kumandan Nasara a zamanin kakanni. Ya ce kishin ƙasa ne. Gaskiyar magana, Hadizatu mai dambu ce, bazawarar da ke gaban shagonsa, ta taɓa ce masa: "Malam Isaka, keken ɗinkinka ya fi ka murya." Tun ranar yake son ta gan shi bisa dandali ko da sau ɗaya.

Sau uku Sarjan Halidu, mai tace wasanni, ya dawo masa da takardun wasan.

"Tela, cire kalmar yunwa."

"Ranka ya daɗe, to me ya sa suka fasa rumbun?"

"Kishin ƙasa."

An cire yunwa, an cire hatsi, waƙar buɗewa ta koma yabon zaman lafiya. Isaka ya yarda da komai, muddin shi ne jagoran ƴan tawaye a wasan. Ya ɗauki makaɗi suka zaga Zongo, suka ƙetare gada har Lamorde suna shela.

Saura tufafin wasa, ga yadi ya yi tsada. Alhaji Tanimu, babban ɗan kasuwa kuma surukin sarjan, ya ba shi buhuna arba'in da babu komai ciki, don a ambaci sunansa a shela. Kowane buhu da shuɗin tambarin taimakon abinci, abincin da Bukoki take ji a rediyo ba ta taɓa gani a tukunya ba. Isaka ya lura. Ya yi abin da kowane tela yake yi da yadi mai tabo: ya juya shi, tambarin ya koma ciki, ya ɗinka tufafin.

Ranar wasa da la'asar, cikin zafin bazara, filin samariya ya cika. Sarjan da Alhaji suna kujerun gaba. Ƴan wasa suka yi rawa biyu, zufa ta karyo, buhuna suka jiƙe. Sannu a hankali tambarin ya fito a bayan kowa, shuɗi shar, arba'in reras.

Hadizatu ce ta fara miƙewa.

"Alhaji, mun ga buhunan. Ina hatsin?"

Makaɗa suka ɗauka amshi ne, suka sa masa kiɗa. Fili duka ya ɗauka. Isaka, da takobin katako a sama, bai ko kai ga baitinsa na farko ba.

Kwana goma sha tara ya yi a gidan kaso yana rantsuwa cewa zufa ce, ba shi ba. Da ya fito, ɗaliban jami'a daga Lamorde suka riƙa zuwa gaishe shi suna kiransa ɗan gwagwarmaya. Yakan musanta da ƙarfi, yana waige-waige.

Hadizatu ta ajiye masa kwanon dambu bisa keken.

"Ashe da gangan ka yi, Malam Isaka?"

Ya dubi titi hagu da dama, ya rage murya.

"To, wa ya fi tela sanin halin yadi?"