Iya Talatu da Lemun Tsamina

Duk wanda ya taɓa alwala a gidanmu na Tudun Ƙofa ya san ba a tsugunawa inda aka ga dama. Kana ɗaukar buta za ka ji muryar kakarmu, Iya Talatu, daga bakin lambunta: "Gindin gwaiba. A'a, wannan ta sha da azahar, matsa gaba." Ta haura shekara casa'in a duniya, ban taɓa ganin ta bari ruwa ya zuba inda babu shuka ba.

Kun tuna ranar ɗaurin auren Yaya Hadiza? Babban malamin da aka gayyato ya naɗe hannun riga ya tsuguna a bakin rariya. Iya ta leƙo.

"Allah gafarta Malam, ladan alwala kaɗai kake so, ko har da na barkono?"

"Hajiya, barkono ma yana da lada?"

"Kai ne malami. Ni dai na san ƙishirwa yake ji."

Malam ya kwashi buta da rawani ya koma gindin barkono. Da ya gama ta ce ya ƙara wanke ƙafar hagu, wai tsiron gefe bai samu ba. Kuma ya ƙara.

Haka take da iri. In kana shan mangwaro mai daɗi a gabanta, ba hirarka take sauraro ba, ƙwallon take jira. Ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa Garaku, ta dawo da ƙulli a bakin mayafi. Muka ce, "Iya, ya masu makokin?" Ta ce, "Suna nan da haƙuri. Amma gwandarsu, ai ba a magana."

Babban aikinta shi ne bishiyoyin jikoki. Ranar sunan kowannenmu sai ta dasa masa tasa, kuma a jikin bishiyar take duba halin da yake ciki. Wata rana ta sa aka kira mata ɗan baffanmu Nasiru yana ofis a Abuja.

"Nasiru, mangwaronka yana zubar da ganye. Me kake yi a can?"

"Wallahi Iya, ba komai."

"To ka daina."

Ta miƙa wayar. Daga baya Nasiru ya gaya mini a wannan makon ya bar shan sigari.

Ni lemun tsami aka dasa mini, wai da fuska a yamutse na zo duniya. Nawa kuwa ba abin dariya ba ne a gidan. Ummana ta binne yara biyu kafin ni, ni ma na taso ba ni da ƙoshin lafiya. Duk lokacin da na kwanta, Umma takan je ta tsaya gaban lemun nan. In ta ga ganye kore shar, sai ta iya cin abinci. Tsoron ya shige ni har na girma. Ga ni da gemu, ga mata da 'ya'ya, amma duk Juma'ar da na dawo daga Abuja, lambu nake fara shiga. Iya ta ce, "Maigida, je ka gaida kanka tukuna, ni zan jira."

Shekarar da babban ɗanta, Baffa Sani, ya tashi gina ɗakunan haya na ɗalibai a gefen lambun, sai igiyar magini ta bi daidai ta kan lemuna. Iya ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna a gindinsa.

"Iya, wannan fa camfi ne," in ji Baffa. "Bishiya ba ta san ran kowa ba."

"Na ce maka ta sani? Inuwa nake sha."

"Lemun tsami har wata inuwa gare shi?"

"Ta ishe ni, ni ba ƙatuwa ba ce. Katangarka ce mai ƙafa, ta kauce."

Kwana uku tana shan inuwar nan, har tuwonta can ake kai mata. Katanga ta kauce. Har yau ɗakin ƙarshe a karkace yake, ɗalibin da ke ciki ya rasa yadda zai ajiye katifa.

Bara da damina gara ta shiga gindin lemun, ya fara bushewa daga sama. Ba zan ɓoye muku ba, hankalina ya tashi, har asibiti na je aka auna ni. Lokacin Iya ta daina fitowa, tana kwance a ɗaki. Na durƙusa gabanta na ce, "Iya, lemuna yana mutuwa."

Ta yi dariya har da tari. "Wanne daga ciki?"

"Kamar yaya wanne?"

"Wannan ai na huɗu ne. Na farko ya bushe kana wata bakwai, kana asibiti da ƙyanda. Na je unguwar Liman Abaji wurin wata ƙawata, na samo mai tsayinsa na dasa kafin uwarka ta dawo ɗaukar kaya. Na biyu akuya ta cinye. Na uku ni na ƙona shi da kashin kaji."

"To Iya, ashe duk..."

"Ashe me? Rai na Allah ne. Uwarka ce ke buƙatar abin da za ta kalla ta ci abinci. Kada ka gaya mata. Je ka bayan ɗakin girki."

Na je. Tsofaffin gwangwanaye ne jere a inuwa, kowanne da dashe a ciki: mangwaro, gwaiba, yazawa, lemu. Kowane jika da nasa na ko-ta-kwana, kuma sabunta su take yi duk shekara. Na tsaya a wurin na yi dariya, sannan na yi kuka.

Bayan wata biyu Allah Ya karɓi ran Iya. Ranar jana'iza na ga dattawa sun watsu cikin lambu da butoci, kowa ya kama gindin bishiya yana alwala, ba wanda ya ce musu su yi hakan.

Da aka yi bakwai na sare busasshen na dasa nawa na gwangwani. Ina cikin danna ƙasa sai ga Umma a kaina.

"Na biyar ke nan ko?"

Na ɗago. "Umma, kin sani?"

"Na bar lemu da reshe biyu, na dawo na tarar da uku, ga ɗanyar ƙasa a farcen Iya. Na ce matar da za ta yi mini wannan ba za ta bar ni ni kaɗai ba, ko me zai faru. Ranar na ci tuwo." Ta miƙo mini buta. "Tsuguna nan, la'asar ta yi."

Allah Ya jiƙan Iya Talatu, Ya yafe mata lemuna ukun da ta ɓoye mana. Yadda ba ta bar shuka da ƙishirwa ba, Allah Ya shayar da ita, Ya ba ta inuwar da ta fi ta lemun tsami. Amin.