Mangwaro Mai Laushi

Da sassafe mai kayan marmari tana jera mangwaron farko na bana, tana satar kallon wani dattijo da ya tsaya gaban teburinta. Rigar motsa jikinsa ta yi masa yawa, ƙaramar rediyo a aljihunsa tana rera wata tsohuwar waƙar garin. Yana latsa mangwaro ɗaya bayan ɗaya, mai laushi yake nema, alhali haƙoransa lafiya lau. A ranta ta ce, wannan wata yake zaɓar wa.

"Baba, na Mama ne? In ƙara mata ɗaya?"

Ya daɗe yana duban hannunsa, sannan ya mayar da mangwaron a hankali.

"Bar shi, 'yata. Hannun nan ne har yanzu bai san ta rasu ba."