Wayar da Na Hana Shiga Shabaka

Yayana ya yi shekara da shekaru yana sayar da kaset a kasuwar Umdurman. Da zamanin kaset ya wuce, sai ya koma sayar da cajar waya da batir, amma ko kaset ɗaya bai zubar ba. Ya cusa su a kwalaye ya kawo mini unguwar Hajj Yusuf da ke Hartum a cikin raksha mai ƙafa uku, domin ni ne mai kwamfuta a gidanmu.

"Ka juye mini su duka," in ji shi. "Wanda ya tsinke ma ka liƙa shi."

Na ɗauki wajen shekara uku ina wannan aikin. Akwai waƙoƙin Sudan na da, da na kalangu da garaya waɗanda alhazai suka taho da su daga ƙasar Hausa, da waƙoƙin bukukuwan unguwarmu da shi da kansa ya ɗauka. A cikin ɗaya har ana jin guɗar mahaifiyarmu.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau hafla, ƙaramar bas ta haya, in haye gada zuwa Umdurman da kwamfutar a jaka. Matarsa ta dafa mana jabana, wato gahawa, ni kuma in jona wayarsa da igiya. Wayar ba ta da wuri sosai, don haka sai an cire wasu kafin a sa wasu, kuma a nan muke samun saɓani.

"Yaya, wannan sau biyu take. Bari in goge ɗaya."

"Kul! Waccan an ɗauke ta ranar da aka yi ruwa. Ba ka ji ƙarar kwano ba?"

Daga baya na buɗe mana ma'ajiya guda a intanet, wadda kwamfutata da wayata da tasa duk ke sha daga cikinta. Abin da ɗaya ya zuba, ɗayan zai gani. Na gaya masa kuma in ɗaya ya goge, ya tafi ke nan a ko'ina. Ya yi dariya ya ce ai shi bai taɓa goge komai ba tun da aka haife shi.

Sai yaƙi ya zo. Gada ta ƙi hawuwa. Na kwashi iyalina muka yi gabas, na bar kwamfutar a ƙarƙashin gado saboda shingayen hanya. Yaya ya tura matarsa da 'ya'yansa wajen danginta, shi ya ce ba inda za shi. Yana da ciwon sukari, na roƙe shi har na gaji.

Kira ba ya shiga sai da ƙyar. Amma lokaci-lokaci, in shabaka, wato intanet, ta dawo, sai in tarar da sabon abu a ma'ajiyar. Muryarsa ce, yana rera waƙoƙin da ya tuna ba mu da su. Yakan fara da cewa, "Ƙanena, wannan ka sa ta cikin na biki." Muryar ba daɗi, wani sa'in ya tsaya ya yi tari, amma da ita nake sanin yana raye.

Sai suka daina zuwa. Bayan mako uku maƙwabcinsa ya same ni a waya ya ce maganinsa ne ya ƙare, sun binne shi a wani fili kusa da gida.

Ban iya buɗe ma'ajiyar ba sai bayan wata guda. Ina zaune da rana a wajen mai shayi na buɗe, sai na ga waƙoƙin suna ɓacewa a gaban idona, jeri bayan jeri. Na gane wayarsa ta faɗa hannun wani, yana share ta don ya sami wuri. Ban san ko wane ne ba, wataƙila ma sayenta ya yi. Nan take na kashe shabakar. Na biki sun riga sun tafi, har da mai guɗar mahaifiyarmu. Abin da ya saura shi ne wanda ya riga ya sauka a wayata, da muryar Yaya guda tara.

Tun ranar ban sake barin wayar nan ta shiga shabaka ba, wata na saya don kira. Da muka koma Hartum na tarar da ɗakin wayam, ba gado ba kwamfuta ba kwalayen kaset.

Matar Yaya ta dawo Umdurman ita ma. Na kai mata wayar na kunna mata. Ta saurari biyu, ta ce in tsayar.

"Allah Ya jiƙansa," ta ce. "Ka tafi da ita tukuna. In na yi ƙarfi zan aiko maka."

Har yau ba ta aiko ba, ni ma ban tuna mata ba.