Kalmar Da Ta Hana Inna Cin Abinci A Tsibiri

Ban gama firamare ba, amma ba don kaina bai ja ba. Malaminmu ne ya tafi Gusau bai dawo ba, ni kuma na ga bai kamata in ci gaba da karatu har in wuce shi a bayan idonsa ba. Da ɗan abin da na samu nake karanta allon hanya, nake kuma fassara wa mutanen unguwarmu a Gummi abin da rediyo yake nufi in ya juya Turanci, ko da shi rediyon bai san haka yake nufi ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san wanda aka ɗauka aka kai tsibiri ba ƙaramin mutum ba ne.

Ɗiyata ta fari ce ta kai mu. Likita ce a Abuja. Ta zo gida bayan ƙaramar salla ta ce ita da mijinta za su kai ni da Innarta hutu wani tsibiri da ake kira Zanzibar. Na tambaye ta hutun me, tunda ban gaji ba. Ta ce ba sai mutum ya gaji ba. Na ce to lallai karatun likita ya fi nawa zurfi.

Sai na bayyana wani abu kafin labari ya yi nisa. Matata, wadda duk gidan ke kira Inna har da ni, ba ta taɓa faɗin sunan wannan ɗiya ba, saboda kunyar 'yar fari. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta wurin kakarta a Gwashi, can ta girma. Har yau in suna zaune a tabarma ɗaya, Inna ba ta yi mata magana kai tsaye. Ni take juyowa ta ce, "Malam, gaya ma wagga yarinya ta gyara mayahi." Ni kuma in juya in isar da saƙon da ya riga ni isa. Yarinyar ta san al'ada ce, ba ƙi ba ce, amma sani daban, zuciya daban. Na gane tun a gida cewa wannan tafiya ba don ni aka shirya ta ba. So take ta ga uwarta ta ci abu daga hannunta ta ji daɗi, ko sau ɗaya.

Masaukinmu ƙaramin gida ne a bakin teku, da rumfar ganyen kwakwa inda ake cin abinci. Da safen farko na fito na tarar ruwan da muka gani jiya ya tafi. Babu shi sai can nesa, sai farin yashi da kwale-kwale a kwance a gefe guda kamar jakunan da suka gaji. Na kira surukina na yi masa bayani a matsayina na ɗan bakin gulbi: rani ne ya shigo musu. Na ce gulbinmu yakan ɗauki watanni kafin ya ƙafe, nasu kuwa dare ɗaya ya ishe shi, saboda ƙasarsu ba ta riƙe ruwa. Surukina yaro ne mai ladabi, ya ce, "Haka ne, Baba," yana kallon ƙasa. Na tuɓe takalmana na ajiye su a kan yashi, na shiga yawon duba ɓarnar fari. Kafin in gama dubawa damina ta dawo. Ƙafa ɗaya na samu. Ɗayar tana can, ina jin ta kai Makka kafin ni.

Wannan ƙaramar asara ce. Babbar tana rumfar abinci.

Mai dafa mana wata mata ce mai jiki, baƙa, da hijabi har gwiwa da tabon salla a goshi. Ta kawo shinkafa dafaffa da ruwan kwakwa, ga ƙanshin kanumfari na tashi, ga gasasshen kifi mai faɗin faranti. Ta ajiye gaban Inna, ta ɗan sunkuya kusa da kunnenta, ta ce a hankali, "Kula, bibi. Kula."

Inna ta janye hannunta daga farantin. Ta ce ba ta jin yunwa.

Da muka koma ɗaki ta rufe ƙofa ta ce, "Malam, ka ji mi matar nan ta ce?"

Na ce na ji.

"Kula ta ce. Sau biyu. Musulma ta, ga tabon salla. Ita ad da tukunya, ta san abin da masu gidan ka sa ta zubawa don Turawa. Ba ta iya hwaɗi a sarari kar a kore ta, shi ya sa ta yi min raɗa."

A matsayina na mai harsuna na yi nazari, na ce kula dai kula ce a ko'ina, ban ga yadda za a yi ta zama wani abu ba. Wancan bibi ɗin ne ban gama bincike a kansa ba.

"To ba ni ci," in ji ta. "Kuma kar ka gaya ma yarinyar nan. Ta ɗauko mu tun daga gida, a ce mata wurin da ta kawo mu haram aka dahwawa? Kai ma ka daina ci."

A nan na nuna jarumtaka. Na ce ni maigida ne, in akwai wani abu a cikin abincin, wajibina ne ya fara ta kaina. Saboda haka na ci gaba da ci, nawa da nata, don kare iyali. Na ci wata halitta mai hannuwa takwas da aka dafa cikin miyar kwakwa, taunarta kamar ganda. Na sha wani romo mai tsami, na ɗanyen mangwaro da dankali da wani abu kamar ƙosai yana iyo a ciki. Na sha ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, wanda har gobe in na tuna shi nakan yi shiru. Kowace safiya na tashi lafiya na nuna wa Inna kaina a matsayin hujja. Ta ce, "Kai ba hujja ba na. Cikinka na kura na, ko kwano ka haɗiye narkewa shikai."

Ita kuwa tana ɗaki da ƙuli-ƙuli da dabinon da ta ƙullo a bakin zane. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duk sadda mai dafawar ta ga faranti ya dawo ba a taɓa ba, sai ta sake wani girkin, ta zo da fuskar damuwa ta dafa kafaɗar Inna tana cewa, "Kula, mama, kula." Inna ta dube ni ta gefen ido, wato ka gani, abin ya ƙaru. Muka je gonar kayan ƙamshi inda Inna ta ga itacen kanumfari da idonta, ta tsaya tana shafa ganyensa tana cewa ashe ba a kasuwa ake haihuwarsa ba. Aka yanko mata wani ɗan itace aka miƙo, mai miƙowar ya ce kula. Muka je kasuwar bakin ruwa da la'asar, masu suyar kifi suna miƙo tsinke, kula. Inna ta ce mutanen garin nan masu tsoron Allah ne, duk sun haɗa kai suna ceton baƙo.

Ƙuli-ƙulin ya ƙare. Ba zan shiga maganar wanda ya taimaka masa ya ƙare ba. Inna tana shan maganin suga, kuma maganin ba a shan sa ciki wayam. Wata safiya ta tashi alwala sai da ta dafa bango.

Ranar ɗiyata ta same ni ni kaɗai a ƙarƙashin kwakwa, ta zauna a kan yashi kamar ba likita ba.

"Baba, in Inna ba ta ci ba yau, gobe za mu koma. Ba zan zuba ido ta faɗi ba."

Na ce ta yi haƙuri, baƙunta ce.

"Ba baƙunta ba ce. A gidan ƙanwata tana ci. A Makka ta ci abincin da ba ta san sunansa ba. Nawa ne dai ba ta ci." Ta tsaya, tana zana yashi da yatsa. "Na ɗauka in na kawo ta nesa, inda ba wanda zai gan ta, za ta sake da ni."

An hana ni faɗi, kuma ko da an bar ni, abin da ke bakina a lokacin shi ne a ce mata ta kawo uwarta gidan haram. Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Ta tambaye ni me zan yi. Na ce bincike.

Gaskiya ban san me zan yi ba. Na bi bakin ruwa da takalmin aro. Ruwan ya sake tafiya raninsa na rabin yini, mata sun shiga can ciki sun duƙa suna ɗaure wata ciyawa a igiya, layi-layi kamar masu dashen albasa a fadama. A bayan wani kwale-kwale na tarar da ɗaya daga cikinsu ta fito ta zauna, ta ɗora 'yar jaririyarta a cinya, da kwanon shinkafa a gefe. Yarinyar ta dantse baki tana juya kai. Uwar ta dunƙula loma ta kai bakin, tana lallashi, "Kula. Kula, mama. Kula."

Na tsaya. Na yi amfani da dukan karatun da malaminmu ya bar mini kafin ya tafi Gusau. Na ce a raina, ba a taɓa yin uwar da za ta ce wa ɗiyarta yi hattara, tana tura mata abin cikin baki ba. Na matsa na yi sallama, ta amsa. Na nuna bakina na yi kamar ina tauna, na ce, "Kula?" Ta yi dariya har lomar ta faɗi, ta gyaɗa kai, ta miƙo mini kwanon ta ce, "Kula, babu." Wannan babu ɗin ya so ya rikita ni, don ga shinkafa a kwano ana ce mini babu. Daga baya na ji haka suke kiran tsoho. Harshensu duk a juye yake, amma ba laifinsu ba ne, ba su samu zuwa Gummi ba.

Na san Inna ba za ta karɓi maganata ba, tunda an riga an soke shaidata. Na je na ce ta taso ta ga abin mamaki. Ta ce jiri take ji. Na riƙe hannunta a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba, muka taka a hankali har bayan kwale-kwalen. Allah Ya taimake ni jaririyar mai taurin kai ce, har lokacin ana fama. Inna ta tsaya tana kallo. Loma ta tafi, kula. Wata ta tafi, kula.

"Ci aka cewa," in ji ta a hankali.

Na ce ni ma abin da bincikena ya nuna ke nan.

"Kai ne hwa ka ce kula kula ta ko'ina."

Na ce ilimi gaba yake yi, ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Sai ta ce, "Baiwar Allahn nan kullum tana sake girki, tana roƙona in ci, ni ina yi mata godiya da ido ina mai da mata kwano." Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har sai da ta zauna a gefen kwale-kwalen.

Da la'asar muka zauna a rumfa mu huɗu. Ɗiyata ta riga ta haɗa jaka, ba ta ko duban abincin. Mai dafawar ta kawo shinkafar kwakwa da kifi, ta ajiye gaban Inna, wannan karon ba ta ce komai ba, ta gaji. Inna ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsuri kifin. Ta ci, ta ƙara, ta jawo miyar mai hannuwa takwas ta dube ta da kyau, ta ci ita ma. Mai dafawar ta ɗaga hannu sama tana hamdala da irin Larabcin da muka sani. Surukina ya ƙura wa teku ido kamar an ba shi gadinta.

Ɗiyata ba ta motsa ba, cokali a hannu, tana kallon uwarta. Inna ta ɓare tsokar kifi mai kyau, ta cire ƙayar, ta ɗora a gefen farantinta. Na gyara zama ina jiran a ce Malam gaya ma wagga yarinya. Ba a ce ba. Ta tura farantin gaban ɗiyar da kanta, ta dube ta a fuska, ta ce, "Ke. Kula."

Likita guda, mai duba mutane a Abuja, ta sa hannu ta ci tana share ido da bakin mayafi. Ni kuma na ga an sallame ni daga aikin tafinta ba tare da sanarwa ba, sai na jawo kan kifin, tunda ba mai kula da shi.

Ba mu koma washegari ba. An kwance jaka, muka cika kwanakinmu. Inna ta shiga kicin wurin mai dafawar ta koyi matse kwakwa, ita kuma ta nuna mata yadda ake kaɗa kuka, duk ba tare da ɗayarsu ta ji maganar ɗaya ba. Da safe ita da ɗiyarta sukan bi yashi in ruwa ya janye, su biyu, ni ina biye daga nesa ina duba ko teku ta yi nadama ta dawo da takalmina. Har yau Inna ba ta faɗi sunanta ba, kuma ba za ta faɗa ba. Amma in ɗiyar ta zo Gummi, ba a nemana. Ina zaure nake jiyo ƙarar kwano a tsakar gida, sannan in ji kalmar nan da ni na gano ta da kaina a bayan kwale-kwale, da takalmin aro.