Azumin Sista

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Sista a Alhilla Kuku, wata unguwa a gefen Khartoum, katangar laka da ba ta wuce kafaɗata ba. 'Yar kudu ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya, shi ya sa duk unguwa Sista ake ce mata. Mu kuwa Hausawa ne, iyayena sun ƙarar da ƙarfinsu wajen tsinkar auduga a Jazira kafin mu dawo birni. Bayan rasuwar Baba muka rage daga ni sai Inna. Inna tana dama gudo-gudo, wato furarmu ta gero da nono, tana kaiwa bakin kasuwa, ni kuma ina buga wa mutane takardu a wani shago a Omdurman.

A unguwarmu akwai ƙa'idar kwano. Idan maƙwabciya ta miƙo miki abinci ta kan katanga, ba kya mayar da kwanon wayam, ko dabino uku ne sai kin jefa a ciki. Abin da ya fi wannan muni shi ne ki mayar da shi yadda ya zo, ba ki taɓa ba. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ma'anar wannan, an yanke zumunci ke nan. Sista kuwa ba ta da abin so a duniya kamar gudo-gudon Inna. Kullum ludayin farko nata ne, kafin a kai kasuwa. Takan sha a tsaye, ta suɗe cokali, ta ce da Inna, "Ya Hajja, wannan abin naki shi zai hana ni shiga tufafina."

Shekarar da aka raba ƙasa biyu aka sallame ta daga asibiti, ita da sauran 'yan kudu, aka kuma ba su wa'adin barin gari. Wa'adin zai cika ne a farkon zafi. Tafiya dai kowa ya san za ta yi. Abin da ban sani ba shi ne ko za mu rabu a matsayin 'yan'uwa, ko kuwa kamar mutanen da haya ta haɗa, kuma laifina ne ya sa har aka kai ga wannan tambayar.

Ni mace ce mai baki, ba na ɓoyewa. A lokacin dandalin zumunta ya shigo mana cikin waya, ni kuma na same shi kamar an yi shi domina. Da safe ina shiga hafila, ƙaramar bas ɗin da ke kai mu Omdurman, sai in sayi jarida a tasha, irin wadda kullum shafinta na farko zagin wani ne. In karanta ta har mu ƙetare gada, jinina ya hau, in ɗauko waya in juye abin da na kwaso. Gardama nake da mutanen da ko fuskarsu ban taɓa gani ba, har mai shagonmu yakan ce yatsuna sun fi gudu a waya fiye da kan aikinsa. Wata rana wani ya tsokane ni, sai na rubuta cewa duk wanda ya zaɓi rabuwa ya tattara komatsansa ya ba mu wuri. Ni fa, wadda tun ina makarantar firamare ake ce mini Fallatiya, wato baƙuwa daga ƙasashen yamma, ake ce mu koma inda kakanninmu suka fito. Sai da na aika na tuna Sista tana cikin masu ganin shafina. Ban goge ba, girman kai ya hana ni.

Ba ta ce mini komai ba. Bayan kwana kaɗan na dawo daga aiki da la'asar na tarar da Inna zaune a rumfa ta zabga tagumi, kwanon da ta miƙa wa Sista a gabanta cike, ko fatar saman nonon ba ta fashe ba.

"Ta mayar," in ji Inna. "Wai azumi take."

Na ce to ai ba abin damuwa ba ne, a jira magariba. Da aka kira salla Inna ta sake damawa, ta ƙara sukari kamar yadda ake yi wa mai buɗa baki, ni da kaina na ɗora a kan katanga. Ba a jima ba kwanon ya dawo, Sista tana cewa daga can ciki, "Malesh, ya Hajja, ki yi haƙuri, sai bayan idi." Inna ta dube ni na dube ta. Wane irin azumi ne wanda rana ta faɗi ba a buɗa baki?

Washegari Juma'a ce, ina gida. Da rana tsaka na leƙa ta kan katanga don shanya tsumma, sai ga Sista ƙarƙashin darbejiyarta tana kwankwaɗar ruwa daga tulu, ga farantin ful a cinyarta, wakenta ya sha mai. Na koma na gaya wa Inna. A wajenmu magana ta ƙare, mai azumi ba ya shan ruwa da azahar, saboda haka azumin nan dabara ce ta ƙin abincinmu cikin ladabi. Na duba waya na ga ta ɓace daga dandali, ba ta rubutu, ba ta amsa kowa. Jaridar da nakan jefa mata ta kan katanga idan na gama ita ma ta dawo a naɗe. Na ce wa Inna, "Halas, shi ke nan, ta gama da mu." Ban gaya mata abin da na rubuta ba.

Kwana goma sha tara na yi ina shan kunu. Idan muka haɗu a bakin famfo in gaishe ta a taƙaice kamar ana cajina kuɗin kalma. Ita kuwa ko a jikinta, tana amsawa da fara'arta, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai, na ɗauka rainin hankali ne. Inna ta daina miƙa kwano, amma na lura kullum sai ta ɗebi ludayin farko ta tsaya da shi a hannu, sannan ta mayar cikin ƙwarya. Ta rage cin abinci. Ni fushi nake, ita kuwa baƙin ciki take, don ba ta san laifin da ta yi ba.

Ran nan da hantsi, ranar hutuna, Sista ta yi sallama ta shigo da na'urar awon jini, kamar yadda ta saba duba Inna lokaci-lokaci. Ta ɗaura mata a hannu, ta matsa, ta saurara, ta ɓata fuska.

"Ya hau, ya Hajja. Me ke damunki?"

Kafin Inna ta amsa, ni ce bakina ya kasa haƙuri.

"Ke ce ke damunta," na ce. "In kin ƙi mu ki faɗa mana a fili, ya uhti, 'yar'uwata. Ki daina fakewa da azumi. Da idona na gan ki kina shan ruwa da rana."

Sai dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa. Da ta tsagaita ta yi mana bayani a hankali, kamar yadda take yi wa marar lafiya. Azuminsu kwana arba'in ne kafin idin Ista, kuma ba a auna shi da fitowar rana da faɗuwarta. Mutum yakan zaɓi abin da ransa ya fi so ya bar shi gaba ɗaya, dare da rana, har idi. Wata shekara sukarin shayi ta bari, wata shekara turare, wata lalle, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. Bana ta zaɓi uku: gudo-gudo, jarida, da dandalin waya.

Inna ta ce, "Shekara goma sha ɗaya, ba ki taɓa faɗa mana ba?"

"Ku ma ba ku taɓa tambaya ba, ya Hajja. Ni kuwa na san lokacin sahur ɗinku fiye da mai ganga."

Sannan ta juyo gare ni, dariyar ta tafi. Ta ce ta ga abin da na rubuta. Sau uku ta rubuta mini amsa tana gogewa. Ta ce kada in ɗauka ni kaɗai ce, ita ma kullum tana karanta na mutanensu, inda ake tsine wa duk wanda ke arewa har da jariri. Ta sha wannan ta sha wancan, har wata safiya ta hango Inna tana shara, zuciyarta ta ce mata, ita ma cikinsu take.

"A nan na tsorata," in ji ta. "Kwanakin da suka rage mini a garin nan kaɗan ne. Ba na so in tafi da ku a raina a haka. Sai na jefa wayar cikin akwati."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ita ta share kwana arba'in domin ta rabu da mu lafiya, ni kuma na cinye rabinsu da gaba. Dole na gaya wa Inna abin da na rubuta, a gaban Sista. Inna ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Ubanki da ya ji wannan da bai ci tuwo ba." Da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

A ranar na goge rubutun, na cire dandalin daga wayata, na ce ni ma na bar jarida har Sista ta yi idi. Don kada a ce na zaɓi mai sauƙi, na haɗa da basta, alkakin nan mai zuma da nake saye kullum a kusa da shagonmu. Na tambayi Inna ko hakan bai zama kwaikwayon addinin wasu ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin malamin da ya hana mutum kama bakinsa ba.

Kwanakin farko sun yi mini wuya fiye da yadda na zata. A cikin hafila babban yatsana yakan nemi waya da kansa. Mai jarida ya yi ta ɗaga mini ita ta taga yana mamaki. Da na rasa abin yi sai na koma kallon waje, na ga ashe ruwan kogi ya ja baya, mutane sun shuka yaɗiya a kan tsibirin da ya fito, ni kuwa shekara guda ina wucewa ta kansu kaina a sunkuye. Labari dai bai fasa zuwa ba, ana yinsa a hafila, ana yinsa a shago, amma ya daina kwana a ƙirjina. Basta ce ta fi ba ni wahala, don sai na bi ta gabanta sau biyu a rana.

Da la'asar nakan shiga gidan Sista mu yi ta ɗaure kaya. Mu naɗe kofuna cikin tsofaffin jaridun da na tara, ba mai karanta ko layi ɗaya. Na rubuta sunanta da fenti a jikin akwatunan ƙarfe, don ta ce rubutuna ya fi nata kyau. Mun je kasuwar Omdurman ta sayi turaren wuta da busasshiyar kuɓewa kamar can ba a noma ta. Mun yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ta ƙauyensu da ta baro tana yarinya ba ta ma iya tuna hanyarsa, ta mijinta da yaƙi ya ci. Na gane ashe ita ma baƙuwa za ta zama a inda ake cewa ta koma.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta azuminsu, bayan ta dawo daga coci, ta ce in raka ta wani wuri. Muka hau mota zuwa Khartoum, muka sauka a ƙofar maƙabartar Kiristoci. Ban taɓa taka irin wurin ba, na tsaya ina gyara mayafi, ta kama hannuna muka shiga. Can kusa da katanga ta tsaya a kan wani ɗan ƙaramin kabari, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, an share kewayensa tas. 'Yarta ce, ta rasu tana wata bakwai, kafin su dawo unguwarmu. Duk wata takan zo ta share, ta zuba ruwa.

"Akwati ba ya ɗaukar wannan," ta ce. "Danginmu duk tafiya za su yi. Tun da aka sa wa'adi nake so in roƙe ki, amma da zuciyar da nake da ita a lokacin ba zan iya ba ki 'yata ba. Yanzu zan iya."

Na gyaɗa kai. Ta nuna mini inda ake ɗiban ruwa, da reshen da yake zubo ganye a kan kabarin, wanda ta ce sai an riƙa sarewa. Bayan idinsu da kwana biyu motar kaya ta zo, unguwa ta fito, Inna ta riƙe ta ta ƙi saki sai da direba ya yi ta danna oda.

Da wata ya zagayo na ɗauki tsintsiya da jarkar ruwa na tafi ni kaɗai. Mai gadin ƙofa, wani dattijo, ya dubi mayafina da carbin da ke hannuna, ya ce, "Ya Hajja, ko kin yi ɓatan hanya ne? Wa kike da shi a nan?"

Na ce masa 'yar yayata ce. Ya matsa gefe ya buɗe mini ƙofa.