Ranar da Aka Tone Turmin Baba Jibo

Abdussalami mutumin wani ƙauye ne kudu da garin Hajj Abdalla, jikan waɗanda suka baro Sakkwato da niyyar Makka, Allah ya zaunar da su bakin gonakin auduga na Jazira. Mahaifinsa bai bar masa ko taƙin gona ba, don haka tun yana saurayi ya shiga matsar man riɗi a hannun Baba Jibo. Abin matsar ƙaton turmi ne na icce, binne a ƙasa, a rufe wa raƙumi ido yana zagaya shi tun hantsi har la'asar, mai na tsatsowa.

Jibo ya koya masa sana'a, ya aura masa 'yarsa ta fari, Hadizatu. Da ƙarfin tsohon ya fara ja baya, sai ya danƙa masa wurin kacokan. Abu ɗaya tsohon ya riƙe: shi ke ɗaura raƙumi da safe, shi ke kwance shi da yamma. Tun ranar ɗaurin auren nan kuwa kunya ta shiga tsakaninsu. Ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Abdussalami ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, kai a sunkuye, shi ke nan hirar yini ta ƙare. Ƙauna dai akwai ta, wallahi har ta yi yawa, bakin faɗarta ne babu.

Bayan shekara ta dubu biyu kasuwa ta juya. Man kamfani ya riƙa zuwa daga birnin Madani a jarkoki, ga araha, raƙumi ɗaya kuwa ina zai kamo mota? Abdussalami ba rago ba ne. Ya je Sinnar ya ga yadda injin matsa yake aiki. Ya daidaita da manoman riɗi na wajen Damazin, ya sami masu shaguna da za su riƙa ɗaukar mai, ya san inda zai sayi man inji da wanda zai gyara idan ya tsaya. Har surukinsa ya yi wa tanadi: rumfa mai inuwa a bakin ƙofa, ya zauna shi ne babba, kada buhun riɗi ya shiga sai ya damƙa ya shinshina ya yarda.

Kai, mutumin nan ya tsara komai! Sai dai bai gaya wa tsohon ba.

Ya ce da matarsa, "Ki yi wa Baba maganar mana."

Hadizatu ta dafe ƙirji. "Ni, Malam? 'Yar fari? Mutumin da ko sunana ba ya kamawa, in je in ce masa a daina aiki da raƙuminsa?"

Sai ya nemi amininsa Mahmudu ya kai saƙon, kamar yadda ake yi. Mahmudu, sarkin jan ƙafa, ya ce a bari Salla ta wuce, tsoho na azumi, kada a ɗaga masa hankali. Amma shirun nasa wajen Jibo kaɗai ya tsaya. A shagon shayi ya ba da labari, a bakin masallaci ya ba da labari, kafin ka ce me, duk kasuwa ta sani. Mota kuma ta kawo inji tun azumi bai kai ƙarshe ba, dole aka tone turmi don a kafa shi a gurbinsa.

Da safe Jibo ya iso janye da raƙumi, ya tarar da ƙarti suna tone turminsa da diga, mutane sun taru suna kallo. Ya tsaya. Ya dubi ramin, ya dubi injin, ya dubi fuskokin da ke kauce wa idonsa. Abdussalami na durƙushe can gefe, maganar na cike da bakinsa ta ƙi fita.

Tsohon ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya ɗaure raƙumin a turke, ya juya.

Bayan Salla ya tattara kayansa ya koma garin Abu Hujar wajen ƙanensa. Inji ya yi aiki yadda aka tsara, har ma ya zarce. Abdussalami ya ɗauki ma'aikata, mai ya kai Madani, mutane na ta yi masa barka. Shi kuwa bai ƙara jin daɗin wurin ba. Hadizatu ta daina dariya a gidan. Duk zuwan da ya yi Abu Hujar, gaisuwa ce daga nesa, a tambayi ruwa, a tambayi yara, ya dawo da maganarsa a ciki.

Sai da aka aiko cewa tsohon ya kwanta ciwo sannan ya yar da kunyar. Ya shiga har bakin gado, ya zauna, karo na farko tun aurensa ya dubi idon surukinsa. Ya zayyana masa komai yana kuka: kasuwar da ta mutu, da matsayin da ya tanadar masa, da saƙon da bai iso ba.

Jibo ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ɗan nan, ai na riga ka ganin raƙumi ya gaza. Kullum ina jira ka zo mu yi shawara. Da ka zo, da hannuna zan tone turmin nan, in yi maka addu'a. Amma mai shayi ya sani, mai tumatir ya sani, yaran unguwa sun sani. Ni kaɗai na zo da igiya a hannu."

"Baba, kunyarka na ji."

"Na sani. Na yafe maka tun a ranar. Komawar ce na kasa."

Kafin Juma'a ta zagayo aka yi masa sutura a Abu Hujar, nesa da garin da ya yi wa mai tsawon rayuwarsa. Abdussalami ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.