Kabarin da Suka Buga a Kalanda

Maƙabartar da muka binne mijina a McLeansville, nan Amurka, ba ta yarda da dutse a tsaye. Sai dai a kwance, daidai da ciyawa, don injin yankan ciyawa ya wuce. Ban so ba, amma na haƙura.

Na roƙi mai sassaƙa dutsen ya fitar min da zangarniyar dawa, don mijina manomi ne kafin ya zama direba. Baturen ya zana alkama. Na ce a'a. Ya zana masara. Sai na yanko ta gaske a 'yar gonarmu ta bayan gida a Glenwood, na shiga bas da ita. Ya daɗe yana jujjuya ta, ya sassaƙa ta ƙwaya-ƙwaya. Rubutun ma ni na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

Da shekara ta zagayo, yayan mijina a Jos ya nemi hoton kabarin don kalandar tunawa. Na je da safe, lokacin da rana ke fito da zanen, na durƙusa na ɗauka, na tura masa.

Kwalin kalanda ya iso. Na buɗe, sai ga wani dogon kabari na farin tayil, da mala'iku biyu, da sunan mijina a goshi. A kwamfuta suka gina shi. Dutsena sun goge shi tas.

Na kira yayan mijin nawa.

"Matarmu, ai gyara muka yi," in ji shi. "Mutumin Amurka guda, a rufe shi da murfin kwata? Me za a ce a coci?"

"Yaya, ba kabarinsa ba ne."

"Wa zai zo dubawa? Mama ma ta rataye a ɗakinta, kullum tana shafawa."

Nan raina ya ƙone. Tsohuwa tana zubar da hawayenta a kan kabarin da babu shi a duniya, don kawai kada a raina su.

Ni ban iya ɗaga murya ba. Kalanda dai ban raba ko ɗaya ba. Ranar Lahadi bayan sujada 'yata ta kai ni maƙabartar, na kira surukata ta bidiyo a wayar jikarta.

"Mama, ga inda ɗanki yake kwance."

Ta ce in ƙara yin ƙasa da wayar. Can na ji ta ce wa jikar, "Ke, sauke min wancan daga bango."